KWAMFUTA MAI SHAN RUWA: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Zuba Jarinsa

Wata ranar kasuwa cikin bazarar da ta wuce, muna zaune a gidan rediyonmu bayan mun kammala shirin farashin kaya, sai ga wani Alhaji, tsohon abokin hulɗarmu mai sayar da kayan waya da na kwamfuta a ɗaya daga cikin kasuwannin bakin iyakar nan, ya shigo riƙe da kwali, ransa a ɓace. Ko gaisawa ba mu gama ba ya zazzage kwalin a kan tebur. Sai ga wani baƙin ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya, mai kama da lagireton mota amma ƙarami, da fankoki uku, da guntayen tiyo, da wani ɗan famfo.

Muka ce, “Alhaji, yaushe ka koma sayar da kayan mota?” Ya ce, “Malam, da kayan mota ne ai da sauƙi, na kwamfuta ne.”

Ashe wani saurayi ne mai gidan wasan kwamfuta, wanda kuma yake haɗa hotunan bidiyo na biki, ya ba shi saƙon kayan da ake sanyaya kwamfuta da ruwa. Alhaji ya tura wa wakilinsa a Chaina, kaya suka iso bayan makonni, aka biya kuɗin fito. Da aka zo ɗaurawa sai lagireton ya ƙi shiga akwatin kwamfutar. Yaron shago ya danna shi da ƙarfi, ya ɗaure da noti mai tsawo, notin ya huda hanyar ruwa ba wanda ya lura. Kwana biyu ruwa na ɗiga a kan katin hoto, rana ta uku kwamfuta ta yi shiru. Mai kwamfuta ya ce a biya shi, Alhaji ya ce shi abin da aka rubuta masa ya sayo. Magana sai da ta kai gaban shugaban ƴan kasuwa.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi diddigin al'amarin, mu kawo wa masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu na Dan Isa da Jibiya, Birnin Ƙonni da Illela, Magarya da Maigatari, waɗanda matasa suka fara ba su irin wannan saƙo idan za su Kano ko Ikko ko Dubai. Domin kuwa kaya ne masu tsada, kuma kuskure ɗaya ya isa ya cinye ribar shekara.

Me ya haɗa kwamfuta da ruwa?

Kowa ya san ruwa da wutar lantarki ba sa ga maciji da juna, saboda haka tambayar farko ita ce, me ya kai mutane ga wannan kasada? Amsa ita ce zafi. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa. A cikinta kuwa abubuwa biyu ne suka fi kowa ci: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da katin hoto, wanda ke zana duk abin da ake gani a allo lokacin wasa. Kwamfutar ofis ba ta da wannan damuwa, ƴar fanka ɗaya ta ishe ta. Amma wadda aka harhaɗa musamman don wasa daban take. Katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 yana cin wat 450, wanda ya biyo bayansa a farkon 2025, RTX 5090, yana cin wat 575, kuma dalar Amurka 1,999 aka sa masa ranar da ya fito. Furosesar Intel mai suna Core i9-14900K ta 2023 tana kai wat 253 idan aiki ya yi aiki. In aka haɗa biyun, zafin da ke fita daga wannan akwati ya tasam ma na dutsen guga na lantarki.

Idan zafi ya kai digiri 95 zuwa 100, furosesa takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A nan ne mai wasa zai ga hoto yana sarƙewa, mai haɗa bidiyo kuma aikin awa ɗaya ya koma na awa biyu.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne babur da mota. Injin yawancin baburan da muke hawa iska ce ke sanyaya shi, shi ya sa aka yi masa haƙarƙari a jiki. Mota kuwa injinta ya fi girma, sai aka sa ruwa ya riƙa zagayawa yana kwaso zafi yana kai wa lagireto, fanka tana hura shi waje. To haka abin yake a kwamfuta. Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba: lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da ya ninka na lita ɗaya ta iska fiye da sau 3,000.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun cikin shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka yake amfani da ruwa wajen sanyaya wasu manyan kwamfutocinsa. A ƙarshen shekarun 1990 masu sha'awa a Turai da Amurka suka fara haɗa nasu a gida da ƙaramin lagireton hitar mota da famfon tankin kifi. A 2004 Apple ya fitar da wata kwamfutar Power Mac G5 mai sanyaya ta ruwa. Daga nan kamfanoni suka shiga sana'ar gadan-gadan, irin su EKWB na Sulobeniya, Alphacool na Jamus, Corsair na Amurka, da Bykski da Barrow na Chaina, waɗanda kayansu suka fi sauƙin kuɗi.

Iri biyu ne, kada a haɗa su

Abu na farko da ɗan kasuwa zai tantance shi ne wane iri mai saƙo yake nufi. Akwai wanda yake zuwa a haɗe, an zuba masa ruwa an rufe tun daga masana'anta, a jikin kwalinsa za a ga an rubuta AIO. Wannan yawanci furosesa kawai yake sanyayawa, ɗaura shi ba wuya, kuma galibi ba a ƙara masa ruwa. Sai na biyu, wanda ake sayen kayansa ɗaya-ɗaya a haɗa da hannu, irin wanda ya jawo wa Alhaji rigima. Shi kuma sai an tanadi abubuwa kamar haka: murfin jan ƙarfe da ake ɗorawa a kan furosesa, wani kuma a kan katin hoto, sai famfo, sai tankin ruwa, sai tiyo da kawunan haɗi, sai lagireto da fankokinsa. Famfo na tura ruwa, ruwa ya bi ta cikin murafan ya kwaso zafi, ya shiga lagireto ya sauke, ya komo tanki.

A cikin waɗannan duka, lagireto ne kaɗai ke fitar da zafi daga jikin na'ura. Sauran ɗan aike ne. Saboda haka in lagireto ya yi kaɗan, ko da zinari aka yi sauran kayan, aikin banza ne.

Lagireto ba randa ba ne

A nan ne mutanenmu da yawa suke ruɗuwa. Mun saba da randa da tulu, waɗanda ruwan cikinsu ke yin sanyi ko da gari ya ɗau zafi. Dalili kuwa randa tana tsattsafo, iska ta busar da danshin jikinta ta tafi da zafi. Lagireto ba ya tsattsafo, a rufe yake ruf. Don haka ba zai taɓa mayar da ruwa ya fi iskar ɗakin sanyi ba. Iyakar ƙoƙarinsa shi ne ya kusanto da zafin ruwa zuwa na ɗaki.

Masu wannan sana'a suna ɗaukar cewa shiri ya yi kyau idan ruwan ya ɗara iskar ɗaki da kimanin digiri 10 lokacin da kwamfuta ke tsakiyar aiki. To a ƙasashen da ake ƙera kayan nan, ɗaki ba ya wuce digiri 22 ko makamancin haka, ruwa ya tsaya wajen 32, kowa hankalinsa kwance. Mu kuwa a nan, watan Afrilu da Mayu a Maraɗi ko Ƙonni ko Damagaram zafi kan haura digiri 40, shago mai rufin kwano kuma ya fi haka. Ke nan ruwa zai tsaya a 50. Idan kuma aka yi rowar lagireto har tazarar ta kai digiri 20, ruwa ya kai 60. Digiri 60 kuwa shi ne iyakar da aka ƙayyade wa sanannun famfunan nan guda biyu, D5 da DDC, kuma wajen nan ne sandar tiyo ta roba mai tauri da ake kira PETG take fara laushi ta saki bakin haɗi. Ka ga abin da Bature zai yi ya zauna lafiya, mu a nan yana iya zama asara.

Bugu da ƙari, zafin da lagireto ya fitar ba ɓacewa yake ba, cikin ɗakin yake zama. Ƙaramin shago da aka rufe ƙofa da taga, bayan awa biyu iskar da fanka ke ja ita kanta ta zama mai zafi. Saboda haka shirin lagireto daga ɗaki yake farawa: a samu taga, a samu fankar sama, in da hali a sa na'urar sanyaya ɗaki.

Sai mu ja kunnen masu dabarar jefa ƙanƙara a tanki. Idan ruwa ya fi iskar ɗaki sanyi sosai, tiyo da murfi za su iya yin raɓa kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an fito da ita daga firji, musamman da damina, raɓar kuma a kan allon lantarki za ta sauka.

Yadda ake lissafin girma

Ana kiran lagireto ne da girman fankokin da yake ɗauka. Fanka mai faɗin milimita 120 ita ce aka fi sani. Mai ɗaukar guda ɗaya sunansa 120, mai biyu 240, mai uku 360, mai huɗu 480. Akwai kuma dangin fanka mai milimita 140, nasu sunayen su ne 140 da 280 da 420. Ya kamata a lura, dangin nan biyu ramukan notinsu ba ɗaya ba ne.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce, duk wat 100 na zafi a ba shi gurbin fanka ɗaya mai 120, in ana son na'ura ta yi sanyi ba tare da fankoki suna ƙara kamar injin niƙa ba. Bari mu buga misali. Kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, kati na cin wat 200, furosesa na cin 120, jimla 320 ke nan, lagireto 360 guda ɗaya ya isa a ƙasar sanyi. Babbar kuwa, kati 450 da furosesa 250, jimla 700, tana neman gurbi bakwai, wato 360 da 480, ko aƙalla 360 guda biyu. Shawararmu ga mai zaune a yankin nan ita ce, bayan an yi wannan lissafi a ƙara gurbi biyu a kai. Dalili kuwa a fili yake: duk lokacin da aka ninka faɗin lagireto, tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da na ɗaki takan ragu da kusan rabi, mu kuwa da ɗakinmu ya riga ya ci digiri 40, ba mu da rarar da za mu yi wasa da ita.

Bayan tsawo sai kauri. Akwai siriri mai milimita 30, matsakaici mai 45, da mai kauri 60. Mutane kan ɗauka mai kauri ya ninka siriri aiki, alhali ba haka ba ne, domin iskar da ta ratsa rabin farko ta riga ta ɗumama kafin ta kai rabi na biyu, kuma sai fanka mai ƙarfi ke iya tura iska ta ratsa shi. In an ba mutum zaɓi tsakanin dogo siriri da gajere mai kauri, dogon ya fi.

Abu na uku shi ne yawan haƙarƙarin da ke tsakanin hanyoyin ruwa. A jikin kwali za a ga an rubuta FPI da lamba a gefe, ma'ana yawan haƙarƙari a kowane inci. Wani 8 ko 10 ne, wani ya haura 20. Mai yawa ya fi fitar da zafi in fanka na gudu sosai, to amma shi ne ya fi saurin toshewa. Duk wanda ya ga yadda hazon hunturu ke rufe kaya a shago daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya san wanne ya dace da mu. Mai haƙarƙari warwatse, kamar 9 zuwa 14, ya fi sauƙin hurewa, ya fi kuma jure ƙura.

Awo kafin saye

Hausawa na cewa ran gini ran zane. Kuskuren da ya kayar da Alhaji na awo ne. Lagireto 360 ba milimita 360 ne tsawonsa ba, saboda tankunan da ke kai da gindi yakan kai 390 zuwa 400. Haka kauri: fanka ita kanta milimita 25 ce, saboda haka siriri da fankarsa 55 ne, matsakaici 70, mai kauri 85. Kowane akwatin kwamfuta na kirki yana zuwa da takardar da ta faɗi irin lagireton da yake ɗauka a gaba, a sama, a gefe ko a ƙasa. Sai a karanta, sannan a sa magwaji a auna da hannu.

Wurare biyu ne ake yawan cin karo. In aka ɗaura lagireto a sama, yana iya dafe sandunan RAM da ke tsaye a kan uwar allo. In kuma aka ɗaura a gaba, yana iya tare wa katin hoto hanya, don manyan katunan yanzu tsawonsu ya haura santimita 30. Har ila yau sai an bar wa tanki da famfo wurinsu, da inda tiyo zai lanƙwasa ba tare da ya karye ba.

Sai maganar noti, wadda ake raina ta amma ita ce ta ci katin saurayin nan. Kowane lagireto da notinsa yake zuwa, gajeru na ɗaure shi a jikin akwati kai tsaye, dogaye masu kimanin milimita 30 na ratsa fanka. Wanda ya sa dogo a gurbin gajere, bakin notin zai shige ya huda hanyar ruwa. Kuma zaren notin wani kamfani ba lallai ya yi daidai da na wani ba. Don haka ɗan kasuwa ya buɗe kwali ya tabbatar ƴar ledar noti tana ciki kafin ya biya.

Game da iska, tsarin da aka fi bi shi ne fankokin gaba su ja iska daga waje, na sama da na baya su fitar. A wurinmu ya fi kyau masu shigo da iska su ɗan rinjayi masu fitarwa, a kuma sa musu raga mai tace ƙura. In aka yi haka iska za ta riƙa fita ta ƴan kafofin akwati maimakon ƙura ta riƙa shiga ta nan. Kada kuma a ajiye kwamfuta a ƙasa, a ɗora ta kan tebur. Fankar lagireto ma daban take da fankar akwati, ita an yi ta ne don tura iska cikin matsi, saboda haka a tambaya kafin a saya.

Famfo kuwa dole ya zauna ƙasa da tanki, domin ruwan ne ke zame masa man shafawa, in ya yi gudu a bushe zai lalace nan da nan. A wuri mafi ƙasa kuma a sa bakin zubarwa, saboda ranar canjin ruwa. Mai ɗaura AIO shi ma ya kula kada famfon ya zama shi ne mafi tsayi, wani sashe na lagireto ya fi shi bisa, don ƴar iskar da ke ciki ta taru a can. Amma batun wa ruwa zai fara bi, furosesa ko kati, wannan ba abin jayayya ba ne, tunda ruwan na zagayawa da sauri zafinsa kusan ɗaya ne ko'ina.

Ƙarfe biyu ba sa zama randa ɗaya

Ga wani tarko da araha ke jefa mutane ciki. Ana yin lagireto da jan ƙarfe da tagulla, ana kuma yi da alminiyam. Na alminiyam ya fi sauƙin kuɗi da rashin nauyi. To amma in aka haɗa shi da murfin jan ƙarfe a zagayen ruwa ɗaya, ruwan zai zame musu tamkar ruwan batir, alminiyam ya riƙa cinyewa a hankali, dattinsa ya toshe ƙananan hanyoyin murfi, daga ƙarshe ya ɓule. Kamfanonin AIO kan haɗa biyun, amma su sun zuba maganin hana tsatsa sun rufe. Wanda ke haɗa nasa da hannu ya tsaya kan dangi ɗaya: in jan ƙarfe, komai ya zama jan ƙarfe da tagulla da nikel. Da yake duka baƙin fenti ake musu, a karanta kwali, a kuma ɗaga a ji nauyi, na jan ƙarfe ya fi nauyi ƙwarai. Araha dai ba ta ado.

Haka kawunan haɗi. Zaren bakinsu kusan duk ɗaya ne, ana rubuta shi G1/4, amma faɗin tiyon da suke kamawa ya bambanta. Tiyo mai laushi akwai 10/13 akwai 10/16, sanda mai tauri akwai 12 da 14 da 16. Lambar tiyo da ta kan haɗi dole su zo ɗaya. Ga sabon shiga, ga kuma zafin garinmu, tiyo mai laushi ya fi kwanciyar hankali.

Ruwan da za a zuba shi ma da ƙa'idarsa. Ba ruwan rijiya, ba na famfo, ba na leda, don duk suna da gishiri da ke daskarewa a hanya kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, kuma gansakuka kan tsiro. Ana sayar da ruwan da aka haɗa musamman don wannan aiki. In babu, sai tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, a sa masa maganin tsatsa da na gansakuka. Amma a yi hattara, abu biyu muke kira ruwan batir a kasuwa, akwai tataccen ruwa zalla, akwai mai asid. Wanda ya yi kuskure ya zuba mai asid ya gama da kayansa. Sabon lagireto kuma sai an ɗauraye cikinsa sau da yawa kafin a ɗaura, saboda ragowar dattin walda.

Bayan an gama haɗawa ba a kunna kwamfuta nan take. Ana shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kowane haɗi, a ba famfo wuta shi kaɗai, sauran kayan a cire musu waya, a bar shi ya yi ta zagaye har kwana guda. In takarda ta jiƙe an gano ɓaraka ba tare da asara ba. Akwai ma ɗan famfon hannu mai agogo da ake gwadawa da iska tun kafin a zuba ruwa, in allura ba ta sauka ba bayan minti 15, haɗi ya yi. Da yaron shagon Alhaji ya yi ɗaya daga cikin biyun nan, da magana ba ta kai gaban kowa ba. Daga nan kuma sai kula: a hure ƙura da bulawa a kai a kai, ana riƙe da fiffiken fanka don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta, a kuma canza ruwa duk wata shida zuwa shekara.

Ina riba, ina asara?

Yanzu sai mu dawo kan abin da ya fi shafar aljihun mai karatu. Gaskiyar magana, yawancin matasanmu a waya suke wasanninsu, irin su PUBG da Free Fire, gidajen wasa kuma PlayStation suka fi ajiyewa don ƙwallo. Masu harhaɗa babbar kwamfuta ba su da yawa, kuma a cikinsu ma mafi yawa ba sa bukatar ruwa. Kati irin RTX 3060 wat 170 yake ci, RTX 4060 kuwa 115 kacal, fankokin da suka zo da su sun ishe su. Furosesa matsakaiciya kuma babban masanyayi na iska, mai haƙarƙari da fanka ɗaya ko biyu, ya wadace ta, ba ya ɗiga, ba ya neman canjin ruwa, in fankarsa ta mutu a sauya wata. Ɗan kasuwar da ya faɗa wa mai saye wannan gaskiya ya rasa cinikin yau, amma ya sami abokin ciniki na shekaru.

Saboda haka kayan da suka cancanci a ajiye a shago su ne waɗanda kowa ke nema: fankoki masu 120, man da ake shafa wa furosesa, ragar tace ƙura, masanyayi na iska, da AIO 240 ko 360 ƙwaya kaɗan. Shi ma AIO a duba ko yana ɗauke da maƙalan da suka dace da mazaunin furosesa, na Intel kamar LGA1700, na AMD kamar AM4 da AM5. A guji na hannu, domin ruwan cikinsa yana raguwa da shekaru, famfonsa yana gajiya, kuma ba a gane wannan da ido.

Kayan haɗi na hannu kuwa kada a sayo sai da saƙo, saƙon ma a rubuce, da kafin alƙalami mai kauri. Musamman murfin katin hoto, wanda ake yanka shi daidai da kati ɗaya tak. Kati biyu na iya zama duka RTX 4090 amma na kamfanoni daban, murfin wannan ba zai hau wancan ba. In mai saƙo ya fasa, kaya sun yi kwantai har abada. Don haka a sa shi ya rubuta cikakken sunan katinsa, da na furosesa, da na akwati, da tsawo da kaurin lagireto, da irin ƙarfe, da lambar tiyo, ya sa hannu. A kuma yi magana tun farko a kan wanda zai ɗaura da wanda zai ɗauki asara in ruwa ya zuba, gaban shaidu.

Kada kuma a manta da hanya. Haƙarƙarin lagireto laushi gare shi, in aka danne shi da buhu a bayan mota ya lotse. Sannan mun ga yadda Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta tsakaninta da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, a lokacin har wutar da ke zuwa daga can aka yanke. Wanda famfonsa ya mutu a irin wannan lokaci, kwamfutarsa ta zama kayan ado, sai fa in ya ajiye masanyayi na iska a gefe. Ita kanta wutar abin lissafi ce, na'urar da ke cin wat 700 ban da allo ta fi ƙarfin ƙaramin janareton shago, kuma tana bukatar abin da zai kare ta daga wutar da ke dawowa da ƙarfi.

Shi dai Alhaji, dattawan kasuwa sun raba musu asarar biyu, shi ya ɗauki rabi saboda yaronsa ne ya ɗaura, saurayin ya ɗauki rabi saboda shi ya rubuta saƙo ba tare da ya auna akwatinsa ba. Da muka leƙa shagonsa makon jiya, mun tarar ya rataye magwaji a ƙusa kusa da teburinsa, ga kuma wani littafi da ya ware don rubuta irin wannan saƙo. Lagireton da ya ɓule yana nan a kan kanta, ya ce ba zai jefar ba, duk wanda ya zo da zancen kwamfuta mai shan ruwa shi yake fara nuna masa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.